Ruwan Sadakar Mahaifina da Haƙoran 'Yata

Shekarun baya, lokacin da mahaifina ya rasu, na rasa abin da zan yi masa hankalina ya kwanta. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in, amma zuciyata ba ta gamsu ba. A lokacin ina sayar da siminti a Garwa, daga Figil nake ɗaukowa, kuma Allah ya ɗan buɗa min. Iyalina suna can gida tare da mahaifiyata, a wani ƙaramin gari da ke gefen hanya kafin ka isa Figil, ni nake zuwa musu duk ƙarshen mako. Garin nan ba abin da ke wahalar da shi kamar ruwa. Da rani sai mata sun tafi mayo, wato busasshen kogin da ke bayan gari, su tona yashi su zauna jiran ruwa ya tsattsafo. Da wannan ruwan muka girma, kuma ɗaukarsa ne ya bar wa mahaifiyata ciwon wuyan da har yau take fama da shi.

Sai na ce to ga abin yi. Na kira masu injin haƙa suka yi min foraj, abin da 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira burtsatse, a daidai ƙofar gidanmu. Ba su sami ruwa ba sai da suka fasa dutse suka nutsa can ƙasa. Ranar da ruwan ya ɓullo, fari tas, mai sanyi, mahaifiyata kuka ta yi. Na sa aka fito da famfo waje, na ce ladan na mahaifina ne, duk mai so ya ɗiba. In faɗa muku gaskiya, ba lada kaɗai na ji daɗinsa ba. Duk ranar da na zo gida sai in sa benci a bakin famfon in harɗe, ina amsa "Allah ya jiƙan Malam" daga bakin masu ɗiba, ina wani sunkuyar da kai kamar ba na son a yaba.

A lokacin 'yata ta fari tana goye. Ni ban iya kunyar 'yar fari irin ta mutanen da ba, a kafaɗata ta girma. Yarinya ce mai dariya. Tun daga bakin titi nake jiyo ta in na sauko daga mota, kuma ko faɗa ake mata sai ta sami abin da za ta ƙyalƙyale da shi. Haƙoranta na nono ƙanana ne farare, ba wanda ya taɓa ganin wani abu a jikinsu.

Da ta shiga lekol, wato makarantar boko, ta fara famfara. Kun san al'adar yara, in haƙori ya fita sai a jefa shi kan rufin ɗaki, a riƙa rufe baki da hannu kada ƙadangare ya ga giɓin, wai in ya gani sabon ba zai tsiro ba. Haka ta yi ta yawo a tsakar gida hannu a baki, tana harare-hararen katanga, mu kuma muna ta tsokanarta. Sabbin haƙoran suka fito. Da farko wani irin fari ne da su marar ƙyalli, kamar an shafa alli. Ba a daɗe ba sai ga ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa, daga nan suka zama layi a kan manyan haƙoran gaba guda biyun nan da kowa ke fara gani. Mahaifiyarta ta goge, ta sake gogewa, ko gezau.

Ni kuwa nan take na yanke hukunci: zaƙi ne. Na san kakarta ba ta rabo da alawa a ƙullin zane, ga rake, ga shayi mai sukari da safe. Na tara gida na yi jawabi. Na hana alawa, na ce duk wanda na kama ya ba ta, ni da shi ne. Mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Kai da ka sha raken gonar mutane har aka biyo ka gida, haƙoranka ba ga su nan ba?" Na yi kamar ban ji ba. Da na koma Garwa na shiga kantin magani na ce a ba ni man goge baki mafi ƙarfi wajen kare haƙori. Mai kantin ya nuna min rubutun da ke jikin kwalin, ya ce wannan sinadarin da ake kira fuliyor, wanda wasu ke cewa fuloraid, shi ne ke hana haƙori ruɓewa. Na kwaso har da na yara mai ɗanɗanon alawa. Na kafa doka: safe, rana da kafin barci, kuma a cika burushin taf. Daga baya na gane yarinyar rabinsa haɗiyewa take yi, tunda shi kaɗai ne zaƙin da ya rage mata.

Wata da watanni ba abin da ya canza, sai ma duhu da tabon ya ƙara. Abin da ya fi damuna shi ne hannun nan da ta ɗora a baki saboda ƙadangare, har haƙoran suka gama fitowa ba ta sauke shi ba. In za ta yi dariya sai ta rufe. In malami ya yi tambaya ba ta ɗaga hannu, ko da ta san amsa. Na daina jiyo ta daga bakin titi.

Akwai wani abokina da shagonsa ke jikin nawa a kasuwa, mutumin da ba ya rasa maganin komai. Daga basir har sanƙo, duk suna cikin wayarsa. Wata rana muna shan shayi na ba shi labari. Ya ajiye kofi ya ce, "Kai ma dai da wani abu! Ai wannan man da kake ɗura mata shi ne cutar. Fuliyor ɗin nan guba ne, ga shi nan ana ta faɗa." Ya nuna min wani bidiyo da ban gane rabinsa ba. "Kakanninmu da me suka goge baki? Ka zubar da shi duka. Ka daka gawayi ya yi laushi, ka zuba kanwa kaɗan, ka matse lemon tsami a kai, a riƙa dirza mata. Wallahi kafin ka dawo gida sau biyu sai ka ga haƙoran nan kamar madara."

Ni da na fara da bautar fuliyor, a zama ɗaya na koma babban maƙiyinsa. Na je gida na tattara man goge bakin nan duka na watsa a masai. Da hannuna na daka gawayin, da hannuna na dirza mata. Tana ta yamutsa fuska tana cewa, "Baba, tsami," ina cewa, "Daure, magani ai ba ya daɗi." Na bar wa mahaifiyarta sauran haɗin na ce a ci gaba. Zuwan da na yi na gaba sai na ga kamar sun ɗan yi haske, har na kira abokina a waya na yi masa godiya.

Ba a yi nisa ba abin ya juye. Ina zaune a tsakar gida yarinyar ta ɗebo ruwa a randa ta kai baki, sai kawai ta saki moɗar ta ƙwalla ƙara, ta dafe baki da hannu biyu tana tsalle. Ashe kwanaki ke nan ba ta iya shan ruwan sanyi, ko iska ta ja ta baki sai ta zabura. Mahaifiyarta, wadda ba ta cika musu da ni ba, ta ce, "Baban yara, ni dai na daina sa mata wannan abin naka tun shekaranjiya. Ka kai yarinyar nan asibiti, ko ka ba ni izini in kai ta da kaina." Washegari na taho da ita Garwa.

Likitar haƙorin mace ce, babba, ta fara mana da Fulatanci, da ta ji Hausa a bakinmu sai ta juya. Ta kwantar da yarinyar a kujera ta haska bakinta, ta daɗe tana dubawa. Can ta ɗago ta ce, "Alhaji, me aka goga wa yarinyar nan?" Ko Makka ban je ba a lokacin, amma ban gyara mata ba, don na ga fuskarta ba ta wasa ba ce. Na lissafa mata: gawayi, kanwa, lemon tsami. Ta ce, "Innalillahi. Haƙori yana da rufi a bayansa, mai tauri, shi ke tsare shi. Tsamin ya jiƙa shi, gawayin ya kankare. Hasken da ka gani, rufin ne kake cirewa, kuma ba ya sake tsirowa. Allah ya taimake ka an tsaya da wuri."

Na fara kame-kame, na ce ai ruɓewar ce ta tsorata ni. Ta ce, "Wace ruɓewa? Babu kogo ko ɗaya a bakinta. Wannan tabon ba zaƙi ne ya kawo shi ba, kuma ba datti ba ne balle a goge. A cikin haƙorin yake, da shi aka gina shi tun yana cikin dasashi. Wane ruwa take sha tun tana jaririya?"

Nan na ɗan sami ƙarfin gwiwa, har na gyara zama. Na ce ai ta wannan fannin ba matsala, foraj gare mu a ƙofar gida, mai zurfi, sai da aka fasa dutse. Ruwanmu ya fi na kwalba kyau. Sai na ga ta ajiye ƙarfen da ke hannunta a hankali.

Ta ce, "Fuliyor ɗin da ke cikin man goge baki, akwai shi a cikin wasu duwatsun ƙasar nan tamu. Wani wurin in aka huda da zurfi, ruwan yakan fito da shi fiye da kima. Ba ya wari, ba ya canza launi, ba za ka ji shi a harshe ba. Kaɗan ɗinsa yana kare haƙori, ni kaina ina sa yaran cikin gari su yi amfani da shi. Amma in ya yi yawa a ruwan da yaro ke sha yana ƙarami, ga abin da yake yi." Ta nuna bakin 'yata. "Kai kuma ka zo ka ƙara mata da na burushi tana haɗiya. Ban ce tabbas ruwanku ne ba sai an gwada. Amma ka je ka dubi bakin yaran unguwarku. Tana da ƙane?"

Na ce tana da shi, yanzu ake shirin yaye shi.

Ta ce, "To shi ne abin gaggawa. Nata ya riga ya faru. Shi kuwa haƙoran da zai yi rayuwa da su yanzu ake gina su a cikin dasashinsa, da ruwan da kuke dama masa kunu. Kuma kada a ce za a tafasa. Tafasawa ba ta fitar da shi, sai ma ta ƙara masa ƙarfi."

Ban san yadda muka fito daga asibitin ba. A mota yarinyar ta yi barci a cinyata, ni kuma ina ta faɗa wa kaina cewa matar nan kuskure ta yi. Ruwan sadaka? Ruwan da ake yi wa mahaifina addu'a a kansa? Muna isa bayan la'asar ban ko shiga gida ba, na jawo bencin nan nawa na zauna a bakin famfo, daidai lokacin da yara ke zuwa ɗiba. Na riƙa kiransu ɗaya bayan ɗaya ina musu wasa, ina cewa, "Zo nan, ce iii in ga wa ya fi wani giɓi." Manyan, waɗanda suka riga foraj ɗin zuwa duniya da 'yan shekaru, haƙoransu fes. Sa'o'in 'yata kuwa, kusan duk wanda ya buɗe baki sai in ga abin nan. Wani ɗigon alli ne kawai, wani layi, wata yarinya ta maƙwabta nata har ya fi na 'yata duhu. Yara suna ta dariya suna turereniya, kowa na so in duba nasa, sun ɗauka wasa ne. Shekara da shekaru ina zama a wurin nan ina kallon bokitansu, ban taɓa kallon bakinsu ba.

Na cika kwalba na kai ɗakin gwaji a Garwa. Da sakamako ya fito, maganar likita ce ta tabbata.

Faɗa wa mahaifiyata shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi. Na same ta a kan tabarma, ƙaramin yana cinyarta, tana ba shi kunu a kofi. Na durƙusa na gaishe ta na ce, "Inna, an gano abin da ya ɓata haƙoran yarinyar nan. Ruwan famfon nan ne. Dole a daina sha."

Ta ce, "Wane famfo?"

Na ce, "Namu."

Ta dube ni ta ce, "Ruwan da kullum sai an ce Allah ya jiƙan mahaifinka a kansa? Shi za ka toshe? Da ka ce alawata ce, yanzu kuma ka koma kan mamaci. Mutumin nan yana kwance, abin da ke isa gare shi ke nan, sai ka yanke masa saboda maganar wata likita? Haƙori ne fa, ba rai ba." Tana faɗa tana kai kofin bakin yaron.

Ban san lokacin da na miƙa hannu na karɓe kofin daga hannunta ba. Tunda aka haife ni ban taɓa karɓar abu a hannun mahaifiyata ba sai wanda ta miƙo min. Yaron ya fashe da kuka. Matata da ke bakin murhu ta daskare da ludayi a hannu. Inna ta sauke yaron a kan tabarma, ta tashi ta shige ɗakinta. Na bi ta na ba da haƙuri a bakin ƙofa, ba ta amsa ba. Har na koma Garwa ba ta amsa gaisuwata ba, kuma na tafi ban san da wane ruwa za a dama wa ɗana kunu gobe ba. Na dai bar musu 'yan jarkokin da na zo da su daga gari, na roƙi matata ta yi iya ƙoƙarinta.

Sauran labarin a bakin matata na ji. Ta ce washegari da hantsi Inna ta kira jikarta ta ce, "Ƙawata, zo ki zauna, yau ba ki yi min dariya ba." Ta yi mata duk irin barkwancin da suka saba, yarinyar tana ta murmushi a bayan tafin hannu. Inna ta kama hannun ta sauke, ta ce, "Ni ma ɓoye min za ki yi?" Sai yarinyar ta ce, "Kaka, a lekol tsohuwa mai goro suke ce min." Matata ta ce Inna ta daɗe riƙe da hannun nan. Daga nan ta yafa mayafi ta fita bakin famfo, ta yi abin da na yi, ta duba bakin yara da idonta.

Da na dawo ƙarshen mako, tun daga nesa na hango mutum zaune a kan bencina. Inna ce, da carbi a hannu da 'yar sanda a gefe. Duk wanda ya zo da bokiti sai ta tambaye shi, "Na wanki ne ko na sha? In na sha ne, juya. Wanki da wanka da alwala, ɗebi ki yi wa Malam addu'a." Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa kamar ba abin da ya faru, ta ce, "Ka zo da ruwan yaron?" Ba ta sake ta da zancen kofin nan ba, ni ma ban tayar ba.

Ba kowa ne ya ji daɗi ba. Wani dattijo ya tare ni a masallaci ya ce, "Ka ba mu ruwa mun saki mayo, yanzu ka dawo ka ce ba ya shawuwa?" Na ba shi haƙuri. Wasu sun yarda, wasu sai sun daidaici Inna ta shiga salla su zo su cika tulu. Ni dai na yi abin da zan iya. Motocin da ke kawo mana siminti Garwa wayam suke komawa Figil, sai na riƙa roƙon direbobi ina ɗora musu jarkokin ruwan da aka tabbatar min yana da kyau, su sauke a ƙofar gida. Kafin damina kuma na gina babban tankin siminti a jikin zaure, aka haɗa masa indararo daga rufin kwano, ana tara ruwan sama, a tace a tafasa kafin a sha. Ranar da ya fara cika Inna ta zagaya shi ta dafa ta ce, "Wannan ma na mahaifinka ne."

Da na mayar da yarinyar wurin likita na tambaye ta, to yanzu da me za mu tsare haƙoran yaran nan daga ruɓewa, tunda abin da kowa ke amfani da shi mu ya yi mana yawa? Na zaci wani magani mai tsada za ta rubuta. Sai ta ce in nemi aswaki mai laushi, a tauna bakinsa sosai, a bi haƙori ɗaya bayan ɗaya ba da ƙarfi ba, har na can ciki. Ƙaramin a goge masa da burushi mai taushi da ruwa kawai, ko man da ba shi da fuliyor, har sai ya iya tofarwa, daga nan a dawo ta sake dubawa. A kurkure baki bayan kowane abinci. Kada yaro ya yi barci da kunu mai sukari a bakinsa. Zaƙi kuwa, ta ce ba yawansa kaɗai ba ne, yawan maimaita shi ne ke cin haƙori: gara a sha tare da abinci a gama, da a wuni ana tsotsa. Ta shafa wa 'yata wani magani da ya rage mata zogin sanyi, ta kuma cike 'yan ramukan halitta da ke saman turamenta, haƙoran tauna, da wani farin abu, kamar yadda muke liƙe tsagar bango da siminti, don kada abinci ya maƙale. Ta ce tabon gaba ana iya rufe shi in ta girma. Gawayi da lemon tsami kuwa, ta ce in ta sake jin labarinsu, ni za ta kwantar a kujerar.

Matata ta riƙe dokokin nan fiye da yadda na so. Har shayina aka rage wa sukari, wai don kada yara su ga bambanci. Abokina kuwa da na ba shi labari duka, sai ya buga cinya ya ce, "Ka gani ko! Ban ce maka fuliyor ba ne?" Zancen gawayin bai ko taɓo shi ba, har yau kuma muna shan shayi tare.

Daga nan sai jira. Wannan shi ne abin da ban taɓa zato ba, cewa za ka yi shekaru kana ɗawainiyar jarkoki ba ka san ko ka makara ba. Yaron ya riga ya sha ruwan nan a kunu kafin mu farga, kuma ba wanda zai iya leƙa cikin dasashi ya gaya maka. Duk lokacin da ya yi dariya da 'yan haƙoransa na nono sai in tuna na yayarsa ma haka suke a da.

Abin da na koya ba wani mai zurfi ba ne. Na tsorata da abu biyu a jere, ruɓewa da fuliyor, kuma duk biyun na yi gaggawar yaƙarsu a bakin yarinyar da ba ta da bakin musu, ban tambayi wanda ya sani ba. Fuliyor ba maƙiyi ba ne, ba kuma waliyyi ba ne, gwargwado ne. Wanda ruwansu ba shi da shi, kada ya ji labarina ya zubar da man goge bakinsa. Wanda kuma zai haƙa foraj, don gidansa ko don sadaka, don Allah ya kai ruwan a gwada kafin ya buɗe wa yara famfo. Fari da sanyi ba su ne shaidar komai ba.

Ranar da haƙorin yaron na farko ya fita, yayarsa ce ta jefa masa shi kan rufi. Ita ta koya masa rufe baki, ita ke bin katanga da tsinke tana korar ƙadangaru, alhali ta girmi yarda da wannan zancen. Kullum da safe kafin ta tafi lekol sai ta ɗaga masa leɓe ta duba. Wata Asabar ina saukowa daga mota sai na jiyo muryarta tun daga bakin titi, abin da na daɗe ban ji ba. Ta fito da gudu tana jan yaron, tana cewa, "Baba, ya fito! Zo ka gani! Ce iii!" Na durƙusa a nan kan turɓaya na riƙe haɓarsa. Haƙori ne sabo, mai faɗi, fari, yana ƙyalli. In ka matsa sosai akwai wani ɗan ɗigo kamar ƙwayar gero a gefe, wanda ba mai gani sai irina. Na yi hamdala, idona ya cika.

Ita kuwa tana ta dariya, baki buɗe, hannayenta biyu a kafaɗar ƙanenta, ta manta da rufewa. Sai da ta tsagaita ta sake leƙa bakinsa, sannan ta dube ni, ba da fushi ba, ba da kuka ba, tambaya kawai, ta ce, "Baba, da ni aka haifa daga baya, da nawa ma haka za su fito ko?"

Yanzu ta zama budurwa, tana gab da gama makaranta, kuma ta ce ba ta gaggawar a rufe tabon. Wataƙila ma ta manta ta taɓa yi min wannan tambayar. Ni dai ranar ce mata na yi mu shiga ciki, rana ta yi zafi, kuma har yau ban ba ta amsa ba.